Sarauniyar Lugu a Silima: Tarihin Wa, Yabon Wa?

Duk fim ɗin da aka gina bisa abin da ya auku yana ɗauke da bashi iri biyu: na gaskiyar tarihi, da kuma na mutanen da tarihin yake nasu. Misali mafi kusa da Hausawa shi ne fim ɗin Sarraounia, wanda Med Hondo ɗan ƙasar Muritaniya ya fitar a 1986.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa a ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, wani gari na Azna a yankin Dogon Dutse. Jama'ar Sarauniya Mangu suka tare ta da kwari da baka, sa'an nan suka ja da baya cikin kurmi, Turawa suka ƙone garin. A watan Yuli na wannan shekara sojojinsu suka yi musu tawaye, suka kashe su duka biyu a wajajen Tasawa, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb. Takardun Faransawa ba su ba Sarauniya fiye da 'yan layuka ba, kuma tsohuwar matsafiya suka kira ta. A wurin mutanen Lugu kuwa, sarautar Sarauniya ta addinin gargajiya ce tun asali, ba ta jagorancin mayaƙa ba.

Abdullahi Mamani ɗan Nijar shi ne ya mai da ita jarumar yaƙi a littafinsa na 1980, fim kuwa ya bi sawunsa: budurwa mai ɗamara, mai harbi da hannunta, wadda tsayin dakanta ya karya lagon rundunar. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, ko da yake ba a rasa uzuri. Mai hikaya yana da damar cike giɓin da masu mulkin mallaka suka bari. Illar ita ce, yaron da ya kalli fim ba ya sanin inda tarihi ya tsaya da inda ƙage ya fara.

Batun yabo ya fi wannan sarƙaƙiya. A Nijar aka yi niyyar ɗaukar fim ɗin, amma gwamnatin Seyni Kunce ta janye, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta ba da fili da taimako. Saboda haka Aï Keïta 'yar Burkina ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma harshen Jula ya rinjayi Hausa a bakin 'yan wasa. Da fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987, sunan Muritaniya aka rubuta a kundi. Bahaushen Lugu da ya kalle shi sai an yi masa tafinta kafin ya ji abin da Sarauniyarsa take cewa.