Kafin A Killace Shanun Madara, A Fara Noma Musu Ciyawa

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a watan Yulin 2024, muhawarar killace shanu ta dawo sabuwa a gidajen rediyo da majalisun hira. Wasu na cewa zamanin yawo da garke ya wuce, wasu na ganin dabara ce ta raba makiyayi da sana'ar kakanninsa. An yi irin wannan cacar baki a 2019 kan shirin Ruga, aka sake yi a 2021 da gwamnonin Kudu suka taru a Asaba suka ce a haramta kiwon sake. Da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambaya: idan an killace saniyar, me za ta ci a watan Maris?

Mutanenmu da yawa, har da masu kuɗin da ke buɗe gonakin madara a gefen Kano da Kaduna, sun ɗauka ciyawa aba ce da ke fitowa da kanta, ba ta buƙatar kulawar kowa. Sai mutum ya kashe dukiya a kan shinge da rijiyar burtsatse da shanu 'yan aure, ya sake su cikin fili guda tun farkon damina. Kafin kaka fili ya koma ƙura, nono ya janye, sai ya ce irin shanun ne ba su da kyau.

Abin da ya faru a filin nan yana da sauƙin ganewa. Da ganyenta ciyawa ke haɗa abincinta daga hasken rana, rarar kuma ta adana a gindi da saiwa. Idan saniya ta cinye ganyen, da wannan ajiya ciyawar ke sake toho. Ita kuwa saniya ba abin da take so kamar sabon toho mai laushi, don haka in an bar ta a wurin, bayan 'yan kwanaki za ta dawo ta tsinke shi kafin ya biya abin da aka ranto daga saiwa. Kamar ɗan kasuwa ne: ganye shi ne riba, saiwa ita ce jari. Wanda ya ci riba ya bar jari gobe ma zai buɗe shago. Wanda yake taɓa jari kullum, rana ɗaya zai tarar da kanta wayam. Haka gamba mai daɗewa ke mutuwa a hankali, tafasa da sauran ciyayin da dabba ke ƙi su gaje wurin. Yawan shanu na da laifinsa, amma rashin hutun fili ya fi ɓarna.

Maganin shi ne kiwon zagaye. A raba fili gida takwas, garke ya yi kwana 4 a kowane gida, kafin ya zagayo, gidan farko ya huta kwana 28. A fitar da shanu tun ciyawa na da sauran tsawon taƙi guda ko fiye, kada a bari su gwaguye ta har ƙasa. Kashinsu ma ya bazu ko'ina ya zama taki.

Kuskure na biyu shi ne auna abinci da tsawon ciyawa. Gamba ko kyasuwa da ta yi fure ta bushe a tsaye ta zama kara. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da abinci a tumbin saniya na buƙatar furotin kusan kashi 7 cikin 100 na abin da ta ci, busasshiyar ciyawar rani kuwa kan faɗi ƙasa da haka sosai. Shi ya sa za ka ga saniya ciki cike amma haƙarƙari a waje. Ingirici mai kyau ana yankansa ne kafin ciyawa ta yi fure, a shanya, a ɗaure, a ɓoye daga rana da raɓa, a riƙa haɗa shi da harawar wake ko ta gyaɗa. Mai hali ya daddatsa masara ko dawa tana ɗanya, ya danne ta sosai a rami, ya rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan makonni ta tsimu, ta kai shi rani.

A yi lissafi. Saniya mai nauyin kilo 300 kan ci busasshen abinci kusan kilo 8 a rana. Rani na kwana 200 na nufin kilo 1,600 ga saniya ɗaya. Mai shanu 20 ya san abin da ke gabansa tun kafin ya kafa turken farko.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki kan gamba da lablab da sauran irin ciyawa. A shekarun 1980, masana na cibiyar ILCA sun gwada rumbun ciyawa da makiyaya a yankin Kachia: fili mai kimanin hekta 4, a kewaye shi, a shuka ciyawar sitailo mai yawan furotin, a ajiye shi sai rani, a riƙa shigar da shanun tatsa da masu ciki na awa biyu zuwa uku a rana. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka hana dabarar yaɗuwa shi ne rashin tabbacin mallakar ƙasa. Wa zai shuka ciyawar shekaru a filin da za a iya karɓewa baɗi?

Nan ne aikin hukuma yake. Dokar gandun kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma da yawa daga cikin gandayen an cinye su da gonaki da gidaje, burtaloli sun toshe. Jami'an da ke son ganin an daina shigo da madarar gari su fara da takardar fili ga makiyayi, da irin ciyawa mai araha kafin faɗuwar damina, da malaman gona da suka san kiwo. Makiyayin da ya tabbata fili nasa ne, ba sai an roƙe shi ya hutar da shi ba.