3.3 Yadda Injunan Bincike Ke Shigar da Shafi Cikin Fihirisa da Matsalolin da Ke Hana Hakan

A sashen da ya gabata an nuna yadda marubutan Hausa suka rungumi intanet wajen yaɗa rubuce-rubucensu. A wannan sashe kuwa za a dubi hanyar da rubutu yake bi kafin ya isa ga mai karatu, al'amarin da yawancin marubutan ba su cika kula da shi ba. Da yawa suna zaton da zarar an ɗora rubutu a intanet shi ke nan, duk wanda ya nema zai gani. Abin kuwa ba haka yake ba. Mai neman bayani bai san adireshin shafin ba. Abin da yake yi shi ne ya rubuta kalma biyu ko uku a injin bincike kamar Google ko Bing, ya jira abin da za a kawo masa. Shi kuma injin ba ya fita ya zagaye intanet a lokacin da aka tambaye shi. Wani kundi yake dubawa wanda ya riga ya tanada, wanda a wannan aiki za a riƙa kira fihirisa. Duk shafin da bai shiga wannan fihirisa ba, to, a wurin mai bincike daidai yake da wanda ba a taɓa rubutawa ba.

3.3.1 Ma'anar Fihirisa da Matakan Shiga Cikinta

Fihirisa sananniyar aba ce ga ɗalibai, domin ita ce jerin kalmomin da ake samu a ƙarshen littafi, kowace kalma da lambar shafin da ta fito. Haka ta injin bincike take, sai dai ita a gaban kowace kalma adireshin shafukan intanet ɗin da suka ƙunshe ta ake jerawa. Ana iya kwatanta shafin da ba ya cikinta da littafin da aka kawo ɗakin karatu aka ajiye a kan kanta, amma ba a yi masa kati ba. Littafin yana nan, sai dai mai nema ba zai kai gare shi ba.

Injin farko da aka sani, wato Archie, wanda Alan Emtage ya samar a Jami'ar McGill ta Kanada a shekarar 1990, sunayen fayil kawai yake tarawa, ba ya karanta abin da ke ciki. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a shekarar 1998, ya shahara ne saboda ya ɗauki mahaɗi, wato wurin da ake latsawa a tsallaka daga wani shafi zuwa wani, a matsayin shaida. Shafin da shafuka masu daraja suke nuni gare shi, shi ma sai darajarsa ta ƙaru.

Kafin shafi ya shiga fihirisa sai injin ya fara sanin cewa akwai shi. Wannan aiki wata manhaja ce take yin sa, wadda ake yi wa laƙabi da gizo-gizo saboda yadda take bin zaren mahaɗi daga shafi zuwa shafi. Ta kamfanin Google sunanta Googlebot. Idan ta ci karo da sabon adireshi sai ta sa shi a layi, daga baya ta koma ta ɗauko abin da ke cikinsa. Daga nan ne injin zai nazarci rubutun, ya gano harshensa da abin da yake magana a kai, sannan ya yanke hukuncin ko ya cancanci ajiyewa. Abin lura a nan shi ne, ganowa daban, karantawa daban, ajiyewa kuma daban. Shafi yana iya tsayawa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kuma maganin kowanne ba ɗaya ba ne. Shi kansa kamfanin Google ya bayyana cewa bai yi alkawarin ajiye kowane shafi ba, kuma ba ya karɓar kuɗi domin ya gaggauta ziyartar wani. Saboda haka mai cewa a biya shi ya saya wa shafi gurbi a fihirisa, abin da babu yake sayarwa.

3.3.2 Matsaloli da Hanyoyin Gyara Su

Matakin farko na gyara shi ne a tabbatar akwai matsalar. Idan aka rubuta site: a akwatin bincike, aka biyo shi da adireshin, injin zai nuna shafukan da ya sani, ko da yake lissafin nasa ƙiyasi ne. Wanda ya fi inganci shi ne Search Console, dandalin da Google ya tanadar wa masu shafuka kyauta, wanda ya sami wannan suna a shekarar 2015. A nan ake duba adireshi ɗaya ɗaya, a ga ranar da gizo-gizo ya ziyarce shi da dalilin da ya sa aka bar shi a waje.

Sau da yawa mai shafin ne da kansa ya rufe ƙofa ba tare da ya sani ba. Akwai wani ɗan fayil mai suna robots.txt, wanda Martijn Koster ya kawo shawararsa a shekarar 1994, aka kuma mayar da shi ƙa'ida a rubuce a shekarar 2022. A cikinsa ake gaya wa gizo-gizo inda ba a so ya shiga, kuma layi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ya isa ya hana shi shiga gidan baki ɗaya. Akwai kuma umurnin noindex da ake sawa a cikin shafin, wanda ke cewa a karanta amma kada a ajiye. Masu gina shafi sukan kunna shi lokacin da aiki bai kammala ba, kamar yadda manhajar WordPress ta ba da damar yi da latsa akwati ɗaya, sai kuma a manta ba a kashe ba. Marubuci ya yi wata shida yana zuba rubutu, alhali shi ne ya ce kada a nuna. Waɗannan abubuwa biyu kuma sukan ci karo da juna: idan robots.txt ya hana shiga, gizo-gizo ba zai ga umurnin noindex da ke ciki ba, don haka adireshin yana iya fitowa a sakamakon bincike tsirara, babu bayani a ƙarƙashinsa.

Wata matsalar ita ce ta shafin da babu mahaɗin da ke kai wa gare shi, wanda masu wannan sana'a ke kira maraya. Maganinsa shi ne a haɗa shi da tsofaffin shafukan da injin ya riga ya sani, sannan a miƙa taswirar shafuka. Ita wannan taswira jerin adireshi ce da Google ya ɓullo da ita a shekarar 2005, Yahoo da Microsoft suka amince da ita a shekarar 2006, kuma fayil ɗaya yana ɗaukar adireshi har 50,000. Sanarwa ce kawai, ba ta tilasta wa injin komai. Haka kuma kwamfutar da ke ɗauke da shafin tana ba gizo-gizo amsa da lamba. Lamba 404 tana nufin babu shafin, 301 tana nufin ya ƙaura dindindin zuwa sabon adireshi, lambobin da suka fara daga 500 kuwa na nuna ita kwamfutar ce ta sami tangarɗa. Wanda ya sauya adireshin rubutunsa bai sa 301 ba, ya zubar da duk mahaɗin da ya tara.

Mafi wuyar magani shi ne shafin da aka karanta amma aka ƙi ajiyewa. A nan babu wani maɓalli da za a gyara, domin hukunci ne a kan rubutun kansa. Idan labari ɗaya ya fito a adireshi goma, kamar yadda ake kwafe labaran jaridun Hausa kalma da kalma, injin ɗaya zai zaɓa ya bar sauran. Tun shekarar 2009 akwai alamar da mai shafi zai sa ya nuna wane adireshi ne na asali, amma ita ma shawara ce, injin yana iya zaɓar wani. Mai kwafe dai ba shi da abin yi illa ya rubuta nasa.

3.3.3 Matsalolin da Suka Keɓanta da Rubutun Hausa

Babba daga cikinsu ita ce ta haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa, kuma lambar ƙ daban take da ta k. Harafin é na Faransanci ana iya raba shi gida biyu, e da alamar da ke kansa, don haka da sauƙi na'ura ta cire alamar ta daidaita su. Shi kuwa ƙ ba ya rabuwa haka, harafi ne mai cin gashin kansa. Sakamakon haka ba kullum ne injin yake ɗaukar ƙasa da kasa a matsayin abu ɗaya ba. A nahawu kam ya yi daidai, domin ma'anarsu ta bambanta, kamar yadda ƙafa ta bambanta da kafa. Amma mai bincike da wayarsa ba ta da ƙugiya kasa zai rubuta, wani ma ya rubuta qasa ko k'asa, sai kalma ɗaya ta warwatsu a wurare huɗu a cikin fihirisa.

Wannan ya sa wasu marubuta suka yi watsi da ƙugiya gaba ɗaya domin a same su. Wannan nazari bai goyi bayan haka ba, domin ɓata ƙa'idar rubutu ne, kuma injin daga abin da aka rubuta yake koyon harshen. Idan aka cika shi da kuskure, kuskuren zai ɗauka daidai. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta kanu da jikin rubutu bisa ƙa'ida, a bar adireshin da haruffa marasa ƙugiya. Ko ba komai, ƙ a cikin adireshi takan rikiɗe ta koma %C6%99 idan aka kwafe shi, abin da ke sa shi tsawo da wuyar karantawa.

Akwai kuma rubuce-rubucen da aka buga da tsofaffin salon haruffa na kafin yaɗuwar Unicode, waɗanda a ido suke nuna ƙ ko ɗ, amma a ƙarƙashi wata alama ce daban aka ara. Idan aka ɗora irin wannan rubutu ba tare da an juya shi ba, alamar da aka ara ita injin zai gani, kalmar kuma ta lalace. Kundayen digiri da mujallun da aka ɗauki hotonsu aka ɗora su ma suna da irin wannan cikas, domin manhajar da ke karanta rubutu daga hoto takan ɗauki ɗ a matsayin d ko wani abu dabam. Gyaransu sai an bi su da ido, layi bayan layi.

Dangane da harshe, Google ya bayyana cewa daga rubutun da ake gani a shafi yake gane harshen, ba daga alamar ha da ake sawa a ƙarƙashi ba. Don haka shafin da kanunsa na Turanci ne, jikinsa na Hausa, yana iya faɗawa hannun masu neman Turanci waɗanda ba za su karanta shi ba. Daga ƙarshe, kaso mai yawa na ƙagaggun labarai da waƙoƙin Hausa na wannan zamani a zaurukan WhatsApp da rufaffun zaurukan Facebook ake yaɗa su. Gizo-gizo ba ya shiga inda ake neman izini kafin shiga, don haka marubucin da yake son a sami aikinsa bayan shekara goma sai ya ajiye kwafinsa a buɗaɗɗen shafi mai adireshi tsayayye.