Asarar Da Bazara Ke Jawo Wa Masu Tumaki Tun Kafin A Haihu

Duk lokacin da aka tuna farin 1972 zuwa 1974, ko na 1983 da 1984, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne mushen dabbobi a gefen hanyoyin Sakkwato da Katsina da Barno. Amma akwai wata asarar da ba a ƙidaya ta, wadda kuma ke aukuwa kowace shekara ko da damina ta yi kyau, watau 'ya'yan tumakin da ba a haifa ba sam, da waɗanda aka haifa ƙanana suka mutu kafin su cika mako guda. Mai garke ba ya ganin wannan asara da idonsa. Sai dai shekara ta zagayo ya tarar turkensa bai ƙaru ba.

Tumakin ƙasar nan, da 'Yanƙasa da Uda da Balami, ba su da wani lokaci na musamman na ɗaukar ciki kamar tumakin ƙasashen sanyi. Tunkiya takan nemi rago kusan kowane kwana 17, cikinta kuma wata biyar ne. Abin da ke tsara mata lokaci shi ne ƙoshi. Da kaka, bayan ta ci ɗanyar ciyawar damina ta bi gonaki ta yi kala, jikinta ya murje, sai ta ɗauki ciki a Oktoba ko Nuwamba. Idan aka lissafa wata biyar daga nan, haihuwa za ta faɗo a Maris ko Afrilu, daidai lokacin da daji ya ƙone, rijiyoyi suka ja baya, zafi kuma ya haura digiri 40 a Sakkwato da Nguru da Maiduguri.

Nan ne wuyar take. Kusan kashi biyu cikin uku na girman ɗan da ke ciki yana samuwa ne a makonni shida na ƙarshe, kuma a cikin waɗannan makonnin ne hantsar uwa ke shirin kawo nono. Tunkiyar da ta yi su a kan busasshen kara kaɗai za ta haifi ɗa maras nauyi, daƙashinta ya yi ƙaranci, wani lokaci ma ta ƙi kula ɗan. Mai ɗauke da tagwaye kuwa takan kwanta ta kasa tashi. Saboda haka harawar wake da ta gyada da manomi ya ɗaure a kan bishiya ko a soro tun kaka, ba a watan Disamba ya kamata a kwance ta ba. A jira Fabrairu, a ware masu tsohon ciki a turke dabam, a ba su ita tare da ɗan dusa ko angurya, sauran garken su yi ta fama da kara da kowar wake da 'ya'yan gawo, waɗanda Allah da ikonSa ya sa suke nuna da rani.

Abin takaici shi ne yadda ake yi a gidaje da yawa, musamman na ma'aikata masu kiwo a bayan gida. Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 an yi ta ran 6 ga Yuni, watau kiwon ragon layya ya faɗo cikin tsakiyar bazara. Ragon da za a yanka ko a kai kasuwa shi ke shan dusa da harawa safe da yamma a cikin inuwa, alhali uwar garke mai ciki tana waje tana tsintar leda a juji. Kuɗin rago ɗaya ake gani, ba a lissafa 'ya'ya uku ko huɗu da aka rasa dominsa.

Shi ma ragon barbara ba a cika yi masa adalci ba. Marainansa suna bukatar su fi sauran jikinsa sanyi da 'yan digirori kafin su yi iri mai kyau, irin kuma yakan ɗauki kimanin mako bakwai kafin ya kammala. Ma'anar wannan ita ce ragon da ya sha zafin rana ko zazzaɓi a Afrilu zai iya yin barbara a Mayu da Yuni ba tare da tunkiya ko ɗaya ta ɗauka ba, a kuwa ɗora wa tumakin laifi, har a sayar da wasu a ce juya ne. Ragon da aka cika wa kitse shi ma haka, domin kitsen yana riƙe zafi. Rumfar zana mai iska, da fita kiwo da sanyin safiya da la'asar, da hutu daga hantsi zuwa azahar, sun ishe shi. Tunkiyar da aka yi wa barbara ita ma tana son wannan inuwa a makonta na farko, don a lokacin ne zafi ya fi zubar da ciki tun ba a san da shi ba.

Ruwa kuwa ba a yi masa rowa. Dabbar da ba ta sha ta ƙoshi ba ba ta cin busasshen abinci, mai shayarwa kuma nononta ne ke fara ƙafewa. A ajiye shi a inuwa, a sa kanwa ko gishiri kusa.

Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana aiki a kan 'Yanƙasa da yadda za a kyautata haihuwarsu, ita kuma ta Vom kusa da Jos tana yin allurar rigakafin cutar nan mai kawo majina da zawo da gyambon baki, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, mai sa tumaki ɓari. Lokacin yin allurar shi ne kafin sanyin hunturu ya kama, tun dabbobi na da ƙarfinsu. Wanda kuma harawarsa ba za ta kai garken duka ga damina ba, gara ya rage tsofaffin tumaki da rarar raguna tun a Disamba suna da tsoka, kafin Afrilu ta zo dillalai su taya su da kuɗin fata.