Zabon Da Ya Shekara Cikin Ƙanƙara: A Ci Ko A Zubar?

Tun da injin ƙanƙara, watau firiza, ya shiga gidajen ma'aikata aka sami sabuwar gardama tsakanin maigida da uwargida. Akan kawo tsarabar zabon daji ko makwarwa, ko dinya daga fadamun Haɗeja da Nguru, a jefa can ƙasan injin a manta, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a tono abin ya yi tauri kamar dutse. Wani ya ce a dafa, wani ya ce a zubar.

Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta bayyana cewa naman da ya zauna cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, bai taɓa narkewa ba, ba ya cutarwa komai daɗewarsa. Daɗinsa ne kawai ke raguwa, shi ya sa ta ba da shawarar a cinye naman farauta cikin wata 8 zuwa 12. Bayan haka sanyi yakan zuƙe ruwan naman, a ga busassun tabo fari-fari a ƙirji da cinyoyi. Waɗannan sai a yanke a yar, a yi farfesu da saura. Tsuntsu mai kitse, kamar dinya da agwagwar ruwa, yakan riga zabo ɗaukar warin tsohon mai.

Amma fa a lura da sharaɗin: bai taɓa narkewa ba. A ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa kwana da kwanaki, nan gizo ke saƙar. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, sumar da su kurum take yi, da zarar nama ya saki sai su farfaɗo su ci gaba da hayayyafa. Injin da ke cike yakan riƙe sanyinsa kimanin awa 48 in ba a buɗe shi ba, wanda ke rabi kuwa awa 24. Naman da ya narke ya wuce digiri 4 fiye da awa 2 ba abin ci ba ne, ko da wuta ta dawo ya sake daskarewa. Alamarsa ita ce jini da ruwa da suka taru a gindin leda suka daskare a can. Hanci ba abin dogara ba ne a nan, domin akwai gubar da ba ta wari, dahuwa kuma ba ta kashe ta.

Ƙwayar murar tsuntsaye ma, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya cikin Fabrairun 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji, tana rayuwa cikin ƙanƙara. Zafin digiri 74 har tsakiyar nama shi ke kashe ta.

Akwai kuma masu ajiye tsuntsu domin a feɗe fatarsa da gashinta, a cusa mata auduga da waya ta tsaya kamar mai rai, irin waɗanda ɗaliban ilmin dabbobi ke gani a ɗakunan adana halittu. Su abokin gabarsu bushewa ne. Fatar tsuntsu sirirya ce ainun, kuma ƙafafu da fatar ido da kan zabo marar gashi su ke fara ƙeƙashewa, har fatar ta manne wa nama ta yage wajen fiɗa. Tsuntsun da aka cusa kansa ƙarƙashin fiffike, aka matse iskar ledarsa aka ninka ta biyu, yakan kai shekaru da amfaninsa. Wanda aka naɗe da jarida kuwa, takardar ce za ta tsotse shi. Da wuya tsuntsu ɗaya ya biya bukata biyu: na tukunya ana yanka shi a fige a cire kayan ciki, na ado kuwa ana daskarar da shi ne da gashinsa da hanjinsa.

An taɓa haɗa biyun, amma ba da tsuntsu ba. A 1979 masu haƙar zinariya kusa da Fairbanks, a jihar Alaska ta Amurka, suka tono wani ɓauna da ya yi fiye da shekara 30,000 cikin daskararriyar ƙasa. Aka gyara fatarsa aka tsayar a gidan adana halittu na Jami'ar Alaska, sa'an nan a 1984 masanan da suka yi aikin suka yanki naman wuyansa suka dafa suka ci.