Sake Gina Mama Bayan Tiyatar Sankara: Naman Jiki Ko Jakar Silikon?

'Yan uwana mata, wannan babi na waɗanda likita ya ce sai an cire musu mama gaba ɗaya saboda sankara ne, da kuma mu da za mu tsaya musu a ƙungiya. Da yawa daga cikinmu ba su san ana iya sake gina mama bayan an cire ba. Ana yi. Likitocin da ke gyaran ƙuna da leɓen da ya tsage su ne masu wannan aiki, kuma akwai sashensu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Hanyoyin biyu ne, kowace da tsadarta da wahalarta. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, don mace ta shiga ofishin likita tana da tambayoyinta a hannu.

Kafin komai: magani ne gaba

Sake gina mama ba ya warkar da sankara, kuma ba ya jawo ta ta dawo. Gyara ne na siffa. Maman da aka gina ba ya kawo ruwan nono, kuma jin taɓi a wurin yakan ragu sosai, kowace hanya aka bi. Don haka idan kuɗi ba su isa duka ba, tiyatar cirewa da allurar kemo da gashi su ne farko. Ana iya gina maman a ranar da aka cire, ana kuma iya bari sai bayan watanni ko shekaru. Wadda aka yi wa aiki tun shekara 5 da suka wuce ma ƙofa ba ta rufe mata ba.

Hanya ta farko: jakar silikon

Wata 'yar jaka ce mai taushi, cike da silikon mai kauri ko ruwan gishiri, da ake sawa a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Tun 1962 aka fara amfani da irinta a Amurka. Sau da yawa fatar da ta rage ba ta isa ta rufe jakar ba, sai a fara sa wata ta wucin gadi mai kama da balan-balan. Duk mako ɗaya ko biyu mace ta koma asibiti a ƙara mata ruwa da allura, fata tana miƙewa a hankali. Bayan 'yan watanni sai a sake shiga tiyata a musanya da ta dindindin.

Sauƙinta shi ne aikin gajere ne, kamar awa 1 zuwa 2, kwanan asibiti kaɗan, kuma ba a yanka wani wuri a jiki. Amma ku riƙe wannan da kyau: jakar ba ta har abada ba ce. Tana iya fashewa, tana iya gocewa, wurin na iya kamuwa da ƙwayoyin cuta har a cire ta. Wani lokaci jiki yakan yi mata tabo mai tauri ya matse ta, maman ya ƙandare yana ciwo. Mace mai shekara 35 da ta zaɓi jaka ta sa a ranta cewa mai yiwuwa ne ta sake kwanciya a ɗakin tiyata nan gaba. Sannan jakar ba ta bin jiki: idan kin yi ƙiba ko kin rame, ɗaya maman zai canza, ita tana nan yadda take.

Hanya ta biyu: naman jikinki

A nan likita zai ɗebo fata da kitse, wani lokaci har da tsoka, daga wani sashe na jikinki ya gina maman da su. Wurare biyu aka fi ɗiba.

Na ɗaya gadon baya. Akwai faffaɗar tsoka a ƙasan allon kafaɗa; sai a juyo da ita ta ƙarƙashin hamata zuwa ƙirji, jijiyoyin jininta suna haɗe. Wannan aiki ba ya yawan lalacewa, sai dai naman ba shi da yawa, don haka mai babban mama akan haɗa mata da ƙaramar jaka.

Na biyu mara, wato ƙasan cibiya. Tsohuwar hanyar, wadda wani likita a Amurka mai suna Carl Hartrampf ya fito da ita a 1982, ana juyo fata da kitse tare da tsokar ciki zuwa sama. Sabuwar hanyar kuwa ana barin tsokar a wurinta, a yanke fata da kitse da ƙananan jijiyoyin jini, a ɗinke su da na ƙirji a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Wannan sai ƙwararre da kayan aiki na musamman, don haka ki tambaya ko ana yin ta a asibitin da kike.

Maman da aka gina da naman jiki yana da taushi da ɗumi, yana ƙiba yana ramewa tare da ke, kuma idan ya warke galibi an gama ke nan, sai ƙananan gyare-gyare. Wahalar a farko take: aiki na awa 4 zuwa 8, kwanaki a gadon asibiti, mako 6 zuwa 8 ba ɗaukar kaya mai nauyi, ga tabo a wuri biyu. Idan jini bai gudana da kyau ba, wani ɓangare na naman, ko duka, na iya mutuwa. Idan an ɗauki tsokar ciki, cikin na iya yin rauni ko ya ɓullo kamar ƙaba.

To, wace za a ɗauka?

Abubuwa biyar nake roƙon kowa ta auna.

1. Gashi. Wannan shi ne babba. Gashi yana sa fata ta yi tauri, kuma jaka a ƙarƙashin fatar da aka gasa ta fi saurin ba da matsala. Wadda aka yi wa gashi, ko za a yi mata, likitoci sukan fi karkata ga naman jiki, sau da yawa bayan an gama gashin wurin ya huce.

2. Sana'arki. Mai daka, mai jan ruwa a rijiya, mai tuƙin tuwon sayarwa, duk da kafaɗa da baya suke aiki. Mai ɗaukar kaya a ka da mai noma suna buƙatar ƙarfin ciki. Kada ki ce wa likita "ina 'yar sana'a" kawai. Faɗa masa abin da hannunki ke yi daga safe zuwa dare.

3. Haihuwa. Mai son ƙara haihuwa ta faɗa tun kafin a taɓa mararta. Wadda aka taɓa yi wa aiki a ciki, ko na ciro jariri ne, ta nuna tabon. Naman mara kuma sau ɗaya ake ɗibarsa.

4. Lafiyar jiki. Ciwon suga da ba a daidaita ba, ƙiba mai yawa, da shan taba ko shisha suna hana rauni warkewa. Siririya kuma ba lallai a samu naman da zai isa ba. Idan fatarki mai yin tabo mai tudu ce, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, ki faɗa.

5. Nisa. Hanyar jaka tana cin zirga-zirga. Mai zuwa daga ƙauye ta lissafa kuɗin mota na kowace ƙara ruwa, ita da mai rakiya.

Lissafin kuɗi

Mu 'yan adashi mun san bambancin abin da ake biya gaba ɗaya da abin da ake biya kaɗan-kaɗan. Naman jiki zubi ne mai nauyi lokaci guda, na kuɗi da na ƙarfin jiki. Jaka kuwa tana zuwa da sauƙi a jiki, amma daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala, kuma lissafinta bai ƙare a rasit na farko ba. Ki nemi a rubuta miki kuɗin duka: tiyata nawa za a yi, gado, magani, jini, gwaje-gwaje. Ki ƙara da cinikin da za ki rasa a makonnin jinya. Ki kuma leƙa ofishin walwala na asibitin ki tambayi Asusun Tallafin Masu Sankara na gwamnatin tarayya da inshorar lafiya, a gaya miki abin da suke biya da wanda ba sa biya.

Shawarata ga ƙungiyoyi ita ce, kada a ba mace rancen sana'a don tiyata alhali za ta yi wata biyu ba ta ciniki. Bashin zai zame mata ciwo na biyu. A yi amfani da asusun taimako, a ɗaga mata zubi har ta miƙe, a raba kwanakin jinya da girki a tsakaninmu. Abin da ta faɗa a zaman ƙungiya kuma ya tsaya a nan.

Wadda ba ta so fa?

Ba dole. Akwai maman roba ko na auduga da ake sawa a cikin rigar mama, kuma tela mai hankali za ta iya ɗinka masa aljihu. Mata da yawa sun zaɓi haka suna zaune lafiya. Masu tsoron ko canza halitta ne, malamai da dama sun bambanta ado da gyaran abin da cuta ta ɓata, suna kafa hujja da sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi aka ba shi izinin sa na zinariya. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi don hankalinki ya kwanta.

Ki yi shawara da maigida da iyaye, amma ki tuna ke za ki kwanta a gadon, ke za ki zauna da jikin. Ranar ganin likita ki tafi da 'yar uwa mai rubutu, ki tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aiki, da abin da za a yi idan bai yi kyau ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.