Amfanin Ciyawa a Ginin Rufewa

Manoma, kaka ta ƙarato, lokacin duba rufewa ya yi. Ko a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, hatsin da ya tsira a gona yakan lalace a rufewa mai tsaga.

Ga dalili. Busasshiyar laka ba ta lanƙwasuwa, sai dai ta tsage. Da rana zafi ya buɗa ta, da dare sanyi ya tsuke ta. Yau da gobe, 'yar tsaga kamar silin gashi sai ta yi ta ƙaruwa, har ruwa da ƙwari su sami ƙofa.

To, in an cuɗa ƙasar da yankakkiyar ciyawa, kowane sili yakan riƙe bakin tsagar biyu kamar ɗinki. Kafin tsaga ta wuce, tilas ta tsinka shi, ko ta zare shi, ko ta kauce. Nan ƙarfinta ke ƙarewa. Dabarar ke nan da injiniyoyi ke yi da zaren gilashi cikin siminti.

Saboda haka a sami busasshiyar ciyawa, a tattake kwaɓin sosai, a bar shi ya kwana. Lakar fadama mai danƙo kuwa, a ƙara mata yashi. Amma kada ciyawa ta yi yawa, gini zai yi sako-sako.

Allah ya tsare mana abin da muka noma, amin.