In Sitiyarin Motar Ƙungiya Ya Yi Nauyi

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa sun tara kuɗi sun sayi ƙaramar bas. Ita ke kai tumatir kasuwa, ita ke ɗauko taki, ita ce kuma ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. A kakar bara tamu ta yi kwana 9 a garejin makaniki, tumatir kuwa yana ruɓewa a gona. Ashe man sitiyari ne ya tsiyaye ba mu lura ba, har famfon ya ƙone. Ga abin da muka koya.

Abin da ke sa sitiyari ya yi laushi famfo ne wanda bel yake juyawa daga inji. Shi ke tura mai da ƙarfi ta cikin tiyo, man kuma ya taimaki hannun direba wajen juya tayoyin gaba. In man ya yi kaɗan, famfon sai ya sha iska, ya yi zafi, ya lalace.

Saboda haka kowane mako a tsayar da mota a wuri mai lebur, a kashe inji, a goge ƙura daga murfin ɗan tankin kafin a buɗe. Akwai layi biyu, na sama da na ƙasa. Man ya tsaya tsakaninsu. A dubi launinsa kuma. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, lokacin canji ya yi.

Mota tana faɗin ciwonta in an saurara. Kuka kamar na niƙa sa'ad da ake juya sitiyari, ko kumfa cikin tanki, alama ce ta ƙarancin mai ko shigar iska. Ƙara mai tsini da safe, sau da yawa bel ne ya saki. In sitiyari ya yi nauyi ba wata ƙara, a fara duba iskar tayoyin gaba tukuna.

Wannan mai ba ya ƙarewa don kansa. In yana raguwa, akwai yoyo. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota da dare, da safe za a ga inda yake ɗiga. Kada a yi jinkiri, gama in ya zuba kan salansa mai zafi yana iya kama wuta.

Kada a zuba man birki ko baƙin mai, suna lalata robobin ciki. Tsofaffin Toyota Hiace da Sienna suna shan jan man giya mai suna Dexron, amma Honda tana da nata dabam. A bi abin da aka rubuta a murfi ko cikin littafin mota. Sababbin motoci da yawa kuwa da lantarki sitiyarinsu ke aiki, ba su da wannan mai sam.

Bayan gyara a ɗaga gaban mota da jak, a juya sitiyari a hankali dama da hagu har ƙarshe sau da yawa, ana ƙara mai, sai kumfa ta ɓace. Direba kuma kada ya riƙe sitiyari a ƙurewa inji yana aiki. In bel ya tsinke a hanya, sitiyari zai juya amma da nauyi ƙwarai. A rage gudu, a tsaya gefe.

Shawararmu ita ce, kowace ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya mai duba mota, da ɗan littafi inda zai rubuta ranar da ya duba. Kuɗin kwalbar mai ɗaya bai kai na kwandon tumatir da ya ruɓe ba.